Akwatin Ɗan Koyo: Nazari Kan Haɗa Kayan Kanikanci Masu Sauƙin Kuɗi a Tarauni

A garejojin da suka jeru a gefen titin Zariya, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku, da waɗanda ke kan titin Maiduguri har Hotoro, yaro yakan yi shekaru yana koyon kanikanci bai mallaki ko sifana ɗaya ba. Hannunsa ya faɗa, kunnensa ya san kukan injin da ke neman bugawa, yana iya sauke giya ya mayar, amma duk abin da yake riƙewa na maigidansa ne. Ranar da aka yaye shi sai ya tarar iliminsa a kulle yake cikin akwatin wani. Daga nan ɗayan biyu: ko ya ci gaba da zama a inuwar maigidan yana karɓar abin da aka sam masa, ko ya karɓi adaidaita sahu ya shiga haya, sana'ar ta bi ruwa. Kayan aro ba ya rufe katara, in ji masu iya magana, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar gareji.

Abin da nazarin nan ke son nunawa shi ne, akwatin farko mai sauƙin kuɗi haɗa shi ake yi sannu a hankali, kuma abu biyu ne ya kamata su yanke hukunci kan abin da za a fara saya: irin motocin da ke shigowa garejin, da matakin da yaron ya kai a koyo. Wanda ya bi wannan tsari zai kashe kuɗi kaɗan a kan ƙarfe, ya rage wani abu don kayan awo, waɗanda su aka fi mantawa da su alhali su aikin yau ya fi nema.

Motar da ke gabanka

Tarauni ƙaramar hukuma ce mai ƙarancin fili da yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000, kuma hedikwatarta na Unguwa Uku. Abin da ya shafi bakanike a cikinta shi ne hanyoyin da suka ratsa ta. Tashar Unguwa Uku na tura motocin haya zuwa Zariya da Kaduna da gaba, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na jawo motocin ma'aikata da na masu jinya dare da rana, ma'ajiyar man NNPC da ke Hotoro kuma na tara tankoki. Tankoki da tireloli duniya ce daban, kayan aikinsu ma daban, don haka a ajiye su gefe. Abin da ya rage wa ɗan koyo kashi uku ne: motocin gida irin su Corolla da Camry da Honda da Vibe da Peugeot 406, motocin haya irin su Golf da Sharon da Hiace, sai adaidaita sahu, wadda ta cika gari tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013.

Wannan rabe-raben yana da muhimmanci saboda kan noti ba ɗaya ba ne a duniya. Kamfanonin Japan suna bin ma'aunin ƙasarsu, na Turai suna bin nasu, kuma bambancin a daidai wurin da sifana ke kamawa yake. Bol mai kaurin milimita 6 kansa lamba 10 ne a wajen kowa. Daga nan hanya ta rabu. Mai kaurin milimita 8 kansa 12 ne a motar Japan, 13 a ta Turai. Mai kaurin 10 kansa 14 ne a ta Japan, amma 17 a tsohon ma'aunin Jamus, ko 16 a sabon ma'aunin ƙasa da ƙasa. Mai kaurin 12 kuwa 17 ne a wajen Japanawa, 19 ko 18 a wajen Turawa. Saboda haka wanda yake aiki a kan Toyota da Honda zai wuni yana juya lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19, ya yi mako bai taɓa 13 ba. Wanda ke gyaran Golf da Peugeot kuwa 13 ce abokiyar hirarsa, ga kuma sukurori masu kai kamar tauraro waɗanda ake kira Torx, da na alanki, da Volkswagen ke yawan sawa.

Akwai tarihi a bayan wannan. Kamfanin Peugeot da ke Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta yi shekaru tana mulkin hanyoyin Arewa, ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya. Manyan kanikawan da ke koyar da yara yau da yawansu a kanta suka buɗe ido, akwatunansu kuma da ita aka auna su. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai 'yan Kwatano suka kwararo, akasarinsu na Japan. Shi ya sa sifanun da wani dattijo zai zaro daga tsohon akwatinsa ya ba ɗan koyo kyauta, ko da ƙarfensu ya fi na yanzu kyau, ba lallai su dace da aikin da ke gabansa ba. Vibe ma tana ruɗar wasu. Sunan kamfanin Pontiac na Amurka ne a jikinta, amma tagwayen Toyota Matrix ce, a wata masana'anta ta haɗin gwiwa a Kalifoniya aka yi ta da injin Toyota, don haka babu dalilin sayen sifanun inci dominta.

Mu dubi abin da rashin lamba ɗaya ke jawowa. Maigida na ƙarƙashin Corolla, ya ɗaga murya: "Kai, miƙo min sha biyu." Yaro ya birkice akwati bai gan ta ba, tsoron faɗa ya sa ya miƙa sha uku. Ta shiga, har da ɗan sarari. Da aka ja da ƙarfi sai ta zame, ta share kusurwa biyu na kan bol ɗin. Aka sake ja, sauran kusurwoyin suka bi. Yanzu kan ya zama kamar ƙwallon goruba da aka gama gwaguya, babu inda sifana za ta kama. Aikin minti biyar ya koma na guduma da kurfi, in bai fita ba a kira mai walda ya liƙa wani noti a kai. Mai mota na tsaye yana duba agogo. Milimita ɗaya ce ta jawo duk wannan, kuma a kullum ana yin irinsa a garejojin garin nan.

Abin da hannu zai fara riƙewa

Daga wancan lissafi jerin farko ya fito da kansa. Sifana mai baki biyu, gefe ɗaya buɗaɗɗe ɗaya zobe, a lamba 8, 10, 12, 13, 14, 17 da 19. Guda bakwai ke nan, kuma su ne za su ɗauki mafi yawan aikin shekarar farko. Lamba 10 a sayi biyu, don ita ce ke kwance kan batir da murfin inji da kusan duk ƙananan notoci, kuma ita ce ta fi ɓata. Dalilin fifita mai zobe a kan mai buɗaɗɗen baki a fili yake: buɗaɗɗen baki fuska biyu kawai yake kamawa daga cikin shida na noti, kuma in aka matsa masa yakan ɗan buɗe. Zobe kuwa yana kewaye notin duka. Ƙa'idar da ya kamata yaro ya haddace ita ce a karya ɗaurin da zobe, a ƙarasa warwarewa da buɗaɗɗen baki.

Sai soket. A nan ne ake samun ainihin tattali, kuma dabarar tsohuwa ce. A 1920 wasu mutum biyu a birnin Milwoki na Amurka suka kafa kamfanin Snap-on a kan tunani guda: maimakon kowane soket ya zo manne da mariƙinsa, a yi soket goma da mariƙi biyar da za a riƙa sauya musu kai, su yi aikin sifana hamsin. Ɗan koyo a Tarauni ba ya ma buƙatar mariƙi biyar. Saiti mai bakin rabin inci ya ishe shi a farko: sandar ƙarfe doguwa ta karya ɗauri, da mariƙi mai haƙori da ke juyawa ba sai an cire ba, da ƙarin tsawo gajere da dogo. Soket ɗin su bi lambobin sifanun, a ƙara 21 saboda notin tayar Toyota, da soket na fulogi mai lamba 16. Notin tayar Honda 19 ne, na Golf 17, duk suna cikin jerin. Kuma a nemi soket mai kusurwa shida a ciki. Mai kusurwa sha biyu ya fi saurin shiga, amma a kan gefen kusurwar noti yake dannawa, kuma notocin motar da ta sha gishirin titunan Turai kafin ta iso nan ba sa jure wannan.

Abin da ke kashe mariƙi mai haƙori shi ne a zura masa bututu a hau kai. Haƙoransa ƙanana ne, ba don wannan aka yi su ba. Sandar ƙarfe ba ta da abin lalacewa a ciki, kuma ta fi shi arha nesa ba kusa ba. Wanda ya sayi sandar ya kare mariƙinsa na shekaru.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani: sukundireba mai faɗin baki da mai kuros, babba da ƙarama, filaya ta gama-gari, da mai dogon baki, da mai kulle, guduma matsakaiciya, kurfi, alanki saiti ɗaya, burushin waya. Kawunan Torx sai in garejin na karɓar motocin Turai. Wanda ke koyo a wajen masu gyaran adaidaita sahu jerinsa ya fi wannan gajarta, domin ƙananan lambobi sun fi yawa a aikinsa, kuma yana iya jinkirta manyan soket.

Ga kuma jarabar da ke jiran uba ko yaya mai son ya kyauta wa yaronsa: akwatin roba mai ƙyalli, an rubuta guda ɗari da wani abu a murfinsa. In aka zazzage shi aka ƙirga, za a ga kaso mai yawa ƙananan kawunan sukundireba ne da ba a taɓa nema a gareji, da lambobin inci, da lambobi irin 9 da 11 da 15 da sai jefi-jefi. Kuɗin da aka biya an raba shi ne a kan guda ɗari, don haka guda goman da za su sha wahala kowanne rabonsa na ƙarfe mai kyau ya yi kaɗan. Su za su fara karyewa, sauran casa'in su zauna sababbi fil. A ganina wannan ita ce sayayya mafi tsada da ɗan koyo zai yi, duk da cewa a ranar sayen ita ce take kama da mafi arha.

Sabo, gwanjo, ko na mai walda

Kusan duk sifanar da ke kasuwar Kano daga waje ta zo, saboda haka farashinta da dala yake tafiya. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460; bayan an saki naira ta nemi matsayinta, a cikin 2024 ta haura 1,500. Duk wani jerin farashi da aka rubuta yau, kafin a buga shi ya tsufa. Abin da ba ya tsufa shi ne sanin inda za a matsa hannu da inda za a sake shi.

Ƙa'idar ita ce: abin da ke ɗaukar ƙarfi a kan ɗan ƙaramin wuri, a saye shi mai kyau. Wato sifanun nan bakwai, soket, da sukundireba mai kuros. Abin da nauyinsa ne ke aiki, kamar guduma da sandar ƙarfe, na arha ma ya wadatar. A Ƙofar Ruwa, inda nan ne cibiyar kayan gyaran mota da ƙarafa a Kano, da kuma Sabon Gari, ana samun sabo ana samun gwanjo, kuma sau da yawa tsohuwar sifanar da ta biyo kwantenar kayan Beljiyam ta fi sabuwa mai sheƙi. Rubutun Cr-V da ake gani a jikin sifana yana nufin ƙarfen an gauraya shi da sinadaran kuromiyam da banadiyam don ya yi tauri ba tare da ya yi saurin tsagewa ba. Sai dai buga haruffa uku a jikin ƙarfe ba shi da wuya, jabu ma na ɗauke da su. Gwajin da ya fi rubutu shi ne mai saye ya je da sababbin notoci a aljihu, lamba 10 da 12 da 14, ya zura sifanar ya girgiza. In tana rawa sosai, a ajiye. A duba buɗaɗɗen bakin a hasken rana, in ya wage ko an goga shi da dutsen wuta, ya gama aiki. A juya mariƙi mai haƙori ta ɓangarorin biyu ana danne kansa da yatsa, in ya tsallake haƙori ko sau ɗaya, ba na saye ba ne. A cikin gwanjo kuma a kula da na inci: rabin inci milimita 12.7 ne, yana kama da 13 amma ba ita ba ce, kuma ya yi wa 12 yawa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: sifana mai kyau da wani yaro ya kawo a ɓoye yana neman a ba shi ko nawa ne, daga akwatin wani bakanike ta fito. Wanda ya saya ya buɗe kasuwar da gobe tasa sifanar za ta shiga.

Akwai kuma kayan da ba sai an je kasuwa ba. Jarkar da aka yanke gefenta ita ce kwanon tarar baƙin mai. Kwali ko tsohuwar tabarma ita ce shimfiɗar shiga ƙarƙashi. Waigi guntun katako ne. Akwatin kansa mai walda na unguwa zai haɗa shi da ragowar falanki, ya sa masa wurin kwaɗo, ya fi na roba ƙarko. Gwangwanayen madara da aka jera don notocin kowane sashe suna hana abin kunyar nan na a gama haɗa inji a ga bol uku sun yi saura.

Inda ba na goyon bayan tsimi ko kaɗan shi ne abin da ke riƙe mota a sama. Jak na ɗagawa ne kawai. A jak mai aiki da mai, abin da ke tsakanin nauyin motar da ƙirjin yaro ɗan zoben roba ne a cikinsa, kuma ba ya sallama kafin ya saki. Bulo na siminti yakan fashe nan take, dutse yakan mirgine, ƙasar gareji da damina kuma takan nutse. Ƙafafun ƙarfe guda biyu na tokare mota su shiga jerin farko, tun kafin mariƙi mai haƙori. In na mai walda za a yi, to da ƙarfe mai kauri da gindi mai faɗi, kuma fil ɗin da ke riƙe tsawon ya zama na ƙarfe mai ƙarfi, ba guntun rodi ba. Tabarau na kare ido ma kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a asibitin ido ba.

Kayan awo

Nan ne garejinmu ya fi rauni, kuma nan ne ɗan koyo mai ƙaramin jari zai iya wuce na gaba da shi.

A ɗauki ɗaurin taya. Littafin Toyota ya ce notin tayar Corolla a ɗaure shi da ƙarfin niyuton-mita 103. Lissafin mai sauƙi ne: ƙarfin da aka danna sau tsawon sandar. Da sanda mai rabin mita, nauyin kilo 21 a ƙarshenta ya kai wannan adadi. To yaro mai kilo 70 da ya hau kan wannan sandar da ƙafa ya ba notin kusan 340, fiye da ninki uku. In ya ƙara bututu ya kai mita ɗaya, ya doshi 690. Bol ɗin zai miƙe, zarensa ya raunana, watarana ya tsinke a kan hanyar Kaduna, ko kuma mai motar ya yi faci a daji ya kasa kwance tayar. Fulogi ya fi haka laushi, yawanci tsakanin 15 da 30 ake ɗaure shi, kuma saman injin motocin yanzu na alminiyam ne, zarensa ba ya yafiya. Sifana mai awon ɗauri, wadda ke yin ƙara in an kai adadin da aka saita, ita ce maganin wannan. Tana da tsada, don haka ba ta shekarar farko ba ce, amma duk wanda zai ɗaure saman inji ba tare da ita ba caca yake yi da gasket ɗin mutane. Ko yaron bai mallake ta ba, ya kamata ya riƙe ta garejin sau da yawa har hannunsa ya san yadda 25 take da yadda 100 take.

Mitar awon wuta kuwa ta fi yawancin sifanu arha, kuma ita nake ganin ta cancanci shiga akwati tun shekarar farko, ko da yaron ba rewaya yake koya ba. Batir mai lafiya da ya cika yana nuna kusan bolt 12.6 in inji na kashe. In aka tayar, ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5, alamar cewa altaneta na caji. Awo biyu ke nan na minti ɗaya. Abin da aka saba yi a madadinsu shi ne a cire kan batir inji na aiki a ga ko zai mutu. A zamanin 504 mai kafireto wannan bai cika yin ɓarna ba. A motar da kwamfuta ke sarrafa ta, batir ne ke shanye hauhawar wuta, cire shi na iya ƙona birenbos, kuma kuɗin birenbos ɗaya zai sayi mitoci masu yawa. Haka nan kartar waya a jikin bodi don a ga tartsatsi.

Sai abin da masu mota ke kira "a sa mata kwamfuta". Tun 1996 doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da mashiga iri ɗaya mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, tsarin da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, na dizal suka biyo baya. Ma'ana, kusan duk 'yar Kwatanon da ke yawo a Tarauni yau tana da wannan mashiga. Akwai 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana biyu ba, ana soka ta a nan ta yi magana da wayar Android, ta karanto lambobin matsalar inji. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa. Yaron da ke da waya a aljihu ya riga ya biya kaso mafi tsoka na kuɗin wannan kayan aiki. Iyakarta dai a san ta: mai arhar yawanci inji kawai take karantawa, ba ta shiga birki ko jakar iska, kuma lambar alama ce ta inda za a duba. P0301 ba ta ce a sayi sabon koyil ba. Tana iya zama fulogi, ko nozul, ko silindar ce ta rasa matsi. Mai hankali sai ya musanya koyil ɗin silinda ta ɗaya da na ta biyu, ya goge lambar, ya sake tayarwa. In matsalar ta koma P0302, koyil ne. In ta tsaya inda take, a nemi wani dalilin. Ba a kashe ko sisi ba, kuma an huta da al'adar canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota har a dace.

Wa zai biya

Ƙasashe sun amsa wannan tambaya ta hanyoyi daban-daban. Dokar koyon sana'a ta Jamus, wadda aka kafa a 1969, ta ɗora wa kamfanin da ke koyarwa nauyin ba ɗan koyo kayan aiki kyauta. A Amurka bakanike ne ke sayen nasa, sau da yawa bashi, daga motocin dillalai da ke zagaya garejoji suna karɓar biya mako-mako. A wajen 'yan kasuwar Ibo maigida ne ke sallamar yaronsa da jari in wa'adi ya cika. A garejin Bahaushe babu tsayayyar ƙa'ida. Wani maigidan yakan haɗa wa yaronsa kaya ranar yaye, wani addu'a kawai zai yi masa, ba don rowa ba, shi ma akwatin nasa da giɓi.

Gwamnati ta daɗe tana gwada cike wannan gurbi. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, wadda ta fara aiki a 1987, tana da shirin tura matasa koyo wajen masu sana'a da kuma ba wasu kayan aiki bashi bayan sun gama. Gwamnatin Kano a zamanin Ganduje ta tura matasa, har da mata, cibiyar horarwa ta kamfanin Peugeot a Kaduna, ta kuma gina cibiyar koyon sana'o'i mai sunan Aliko Ɗangote a kan hanyar Zariya. Waɗannan abin yabawa ne. Rauninsu, a nawa nazarin, yana cikin lokacin da ake ba da kayan da kuma yadda ake zaɓarsu. Akwati iri ɗaya ga kowa, wanda ɗan kwangila ya sayo, ana miƙa shi ranar biki ga wanda bai da gareji bai da kwastoma. Ba abin mamaki ba ne in wasu akwatunan suka ƙare a kasuwa. Kayan da mutum ya tara ɗaya bayan ɗaya, ya san wace mota ce ta sa ya sayi kowanne, da wuya ya rabu da su.

Tsarin da ya fi dacewa da Tarauni yana iya tafiya da abin da ake da shi. Ranar da uba ya kai ɗansa ya ce, "Maigida, ga amana," ya haɗa da sifanun nan bakwai da sukundireba biyu da filaya, bayan ya tambayi maigidan irin motocin da ya fi karɓa. Daga ɗan abin da yaro ke samu na wanke kaya da canjin mai, a riƙa cire wani kaso ana zuba adashi tsakanin yaran garejin, wanda ya kwasa a raka shi Ƙofar Ruwa a sayi abu na gaba a jeri. Kowane ƙarfe a buga masa alamar mai shi ko a shafa masa fenti, kuma a ƙirga kafin sallar magariba. Manyan kaya irin su jak mai taya, na'urar ɗaga inji, abin matse sifirin da babbar kwamfuta su zama na gareji, ko na reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA, a riƙa aro da rajista. In gwamnati ko wani mai hali zai sa hannu, to ya sa a kan abin da adashi ba zai kai gare shi da wuri ba, wato sifana mai awon ɗauri, ya kuma ɗaura bayarwar da cin jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ke farawa daga mataki na uku ta hau zuwa na ɗaya.

Akwai aikin da wannan akwati bai isa ya taɓa ba, kuma maigida ya gaya wa yaronsa tun wuri. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ake ta mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, kuma tukunyarta na ɗauke da matsin da ya kai 200 a ma'aunin bar, kusan ninki casa'in na iskar tayar ƙaramar mota. Motoci masu haɗa inji da batir irin su Prius kuma suna da wayoyi masu ruwan lemo da ke ɗauke da wutar da ta haura bolt 200. Waɗannan biyun suna buƙatar horo na musamman da kayan aiki nasu, har da safar hannu mai hana wuta da na'urar gano yoyon gas, kuma sun fara shigowa garejojin titin Zariya.